Ƙofar Maƙera: Tsakanin 'Yan Gado da Masu Zuwa Don Sha'awa

(Laccar da aka gabatar a wani zama na maƙera da matasa a garin Shinaka, ƙaramar hukumar Goronyo)

 

Ranka ya daɗe uban ƙasa, Allah ya gafarta liman da malaman da ke tare da shi, Sarkin Maƙera da dattawan sana'a, baƙinmu da suka taso daga Wurno da Rabah da cikin Goronyo, ƙannena matasa.

Ni ba ɗan gidan ƙira ba ne, kuma iyayena maƙera da ke zaune a nan gaba sun san haka, don haka ban zo koya wa kowa riƙon masaɓa ba. Na zo ne in yi magana a kan wani irin mutum da ya fara yawaita a bakin maƙerunmu, wanda har yanzu ba mu tsayar da yadda za mu karɓe shi ba. Malamin firamare ne da ke tashi aiki da azahar. Ma'aikacin asibiti ne, ko tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, ko ɗalibi da ya ga ana ƙera wuƙa a cikin wayarsa abin ya shiga ransa. Ba da ƙira yake ci ba, ba kuma da ita zai aurar da 'ya'yansa ba. Sha'awa ce ta kawo shi. Idan ya tsuguna a gefen wuta, abokansa su ce karambani ne, maƙerin kuma ya dube shi da wutsiyar ido yana tunanin ko leƙen asiri ya zo. Ra'ayina shi ne wannan mutum riba ne ga sana'ar, in an buɗe masa ƙofa, in shi ma ya shigo da ladabi.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. A cikin Usulus Siyasa, nasihar mulki da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin nauyin da ke kan shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya kuma so a samar da su a kowane gari da ƙauye. Ku yi lissafin da kanku. Ana kafa sababbin garuruwa a bakin gulbin Rima, kowanne yana buƙatar mai ƙera masa hauya da mashi da linzami. Haihuwa kaɗai ba za ta wadatar da garuruwan nan da maƙera ba. Dole wani ya koya wa wanda ba ɗansa ba. Da Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya zo Wurno a 1853 wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya ƙarasa kasuwar Sakkwato, ya yaba da ingancin ƙarfen da ya gani ana sayarwa. Har gobe unguwar Maƙerar Assada na nan a birnin Sakkwato tana amo.

To amma ƙarfen da Barth ya gani ba daga sifirin ɗin mota aka samo shi ba. Tama ce ake haƙowa, a gina murhu na yumɓu, a jera ta da gawayi, a kwana ana ba ta wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Ina so in tambayi dattawan da ke nan, ba don cin fuska ba: mutum nawa ne a tsakanin Shinaka da Rabah za su iya narkar da tama a yau, daga haƙa har zuwa curin ƙarfe? Da ƙarfen Turawa da tarkacen jirgin ƙasa da na motoci suka shigo a zamanin mulkin mallaka, aikin tama ya zama wahalar banza, 'ya'yan gidan suka bar shi, kuma da yake ba a taɓa nuna wa na waje ba, sai ilimin ya bi tsofaffi zuwa kabari. Ba wanda ya sace shi. Ɓoye shi aka yi har ya ɓace. Da a ce a lokacin akwai wani malamin makaranta mai karambani da aka bari ya zauna ya kalla ya rubuta, da yau muna da abin karantawa.

Ban raina gado ba. Yaron da ya buɗe ido ya ga wuta, ya yi rarrafe a tsakanin awartaki da kurfi, akwai abin da hannunsa ya sani wanda ɗan haye zai shekara goma bai kamo ba. Akwai kuma abubuwan gidan ƙira da ba na kowa ba ne: wasan wuta idan an buga dundufa ranar biki ko naɗin sarauta, wasan da ke tsakanin maƙera da Buzaye, da sauran abin da uba ke raɗa wa ɗansa. Wannan naku ne, ba wanda ya roƙe ku shi. Abin da ake roƙo shi ne yadda ake gane ƙarfe, yadda ake ba shi wuta, yadda ake fitar da kaifi.

Wani zai ce ai mutumin kirki ba ya zuwa maƙera don nishaɗi. Sai in tuna masa cewa a cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, kuma Annabi Dawuda, yana annabi yana sarki, sulke yake ƙerawa, daga aikin hannunsa yake ci. Sahabi Khabbab ɗan Aratti maƙeri ne a Makka. Malamai na nan, sun fi ni sanin wannan babi, na bar musu.

A ƙasashen Turawa abin ya bi ta wata hanya. A Amurka, da tarakta da mota suka kori doki daga gona da hanya, maƙeran ƙauye suka rufe ɗaya bayan ɗaya har sana'ar ta kusa mutuwa. A 1973 wasu mutane ƙalilan suka haɗu a wani ƙaramin gari mai suna Lumpkin a jihar Jojiya, suka kafa ƙungiyar maƙera ta ABANA. A Ingila ma an kafa irinta a 1978. Da yawa daga cikin 'yan waɗannan ƙungiyoyi ba da ƙira suke ci ba, suna da ayyukansu, ƙarshen mako suke hura wuta. Al'adarsu ita ce su sa rana, su taru a maƙerar ɗayansu, wanda ya iya abu ya yi shi a gaban kowa a hankali, a tambaye shi, sabon shiga ya gwada a gyara masa. Su daga toka suka tono sana'ar. Mu tamu wutar ba ta mutu ba, kuma dalilin rashin mutuwarta ga shi can a fadama.

Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, noman rani ya ƙara ɗaure manomi da maƙeri. Mai albasa da mai tafarnuwa suna son ƙaramar fartanya mai siririn baki da za ta shiga tsakanin shuka ba ta sare kai ba. Mai shinkafa na son lauje, mai gyaran kwami na son galma, mai injin ban ruwa kuma idan wani ƙarfe ya karye masa da tsakar rana ba Sakkwato zai tafi ba, maƙera zai nufa. Kowace ƙasa da irin bakin kalmen da take karɓa: na jigawa daban, na laka daban. Kamfanin ƙera kayan noma da ke Sin ba shi da labarin wannan. Maƙerin Shinaka ya san shi, har ya san wane manomi ne bahago.

A nan ne tsoron 'yan gado yake, kuma tsoro ne mai dalili. Wanda ke da albashi, in ya ƙera lauje goma don jin daɗinsa, ya kai kasuwar Achida ko ta Goronyo ya sayar da rabin kuɗi saboda ba ruwansa da riba, ya zubar wa mai iyali tuwo. Saboda haka sharaɗina na farko ga masu sha'awa shi ne kada ku karya kasuwa. Abin da ka ƙera, ka yi aiki da shi a gidanka, ko ka yi kyauta da shi, ko ka ba maigidan maƙerar ya sa a cikin kayansa ya sayar a farashinsa. In kuma hannunka ya faɗa har kana son shiga sana'ar gadan-gadan, sai ka je wa Sarkin Maƙera da goronka, ka shiga ta ƙofa.

Yanzu bari in juyo gare ku, ƙannena masu son koyo.

Kada ka je da maganar wuƙa ranar farko. Kowa wuƙa yake so, saboda ita ake nunawa a waya. Ka je da buhun gawayi, ka yi sallama, ka nemi a ba ka zuga. Wurin mazugi shi ne ajin farko, kuma babu kujerar da ta fi shi ganin komai. Ko zugazugan fatar akuya ne, kana danna na dama kana ɗaga na hagu iska na bi ta bututun yumɓu, ko irin na yanzu ne da ake juya fanka da wilin keke, idonka na kan wuta. Za ka ga ƙarfe ya tashi daga baƙi zuwa ja mai duhu, ya koma ruwan goro, ya haura ruwan ɗorawa. Za ka ga daidai lokacin da maigida ke cafko shi da awartaki, ba tare da ya ce uffan ba, ya ɗora kan uwar maƙera, ɓawon ƙarfe na zuba gefe. Za ka ji yadda amon dukan ke sauyawa idan ƙarfen ya fara hucewa, daga wani taushin sauti zuwa ƙara mai kaifi, sai ka ga ya mayar da shi wuta. In ka zuga fiye da kima, ƙarfen ya yi fari yana fesar da tartsatsi, ka ƙone shi ke nan, kuma za ka sha faɗa. Ka shanye. Wannan faɗan shi ne kuɗin makaranta. Kada ka tsallaka kayan aiki, kada ka zauna kan uwar maƙera, kada ka ɗauki wani ƙarfe daga ƙasa don ka ga baƙi ne. A maƙera baƙin ƙarfe ya fi jan ƙarfe ƙona mutane, domin ja kowa na tsoronsa.

Idan aka miƙa maka masaɓa, ka fara da rodi. Ka fiƙe bakinsa ya zama tsinke, ka lanƙwasa shi ya zama maratayi, ka yi ƙusa, ka yi turken ɗaure dabba. Ka yi ashirin, ka jera su, ka ga ko biyu sun yi kama da juna.

Akwai kuma inda ɗan boko zai iya saka wa maigidansa da alheri, shi ne bayanin dalilin abin da hannun maƙeri ya riga ya sani. Me ya sa fartanyar da aka yi da rodi ko ƙarfen ƙofa take dakushewa nan da nan, ta sifirin ɗin mota kuma take riƙe kaifi? Sinadarin kabon ne. Ƙarfen gini na yau da kullum kabon ɗinsa kaɗan ne, ko ka tsoma shi a ruwa ba zai yi taurin kirki ba. Sifirin na da kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, tsohon magagari kuma ya kai wajen kashi 1. In ka ɗora su kan giranda za ka gani da idonka: mai ƙarancin kabon tartsatsinsa dogaye ne miƙaƙƙu, mai yawan kabon kuma nasa fashewa suke yi suna rassa. Wajen ba ƙarfe tauri ma akwai dabara mai arha. Ƙarfe na daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai wajen digiri 770. Ka ciro maganaɗisun tsohuwar sifika ka rataye kusa da wuta. In ruwan wuƙar ya yi ja har maganaɗisu ya sake shi, ka ƙara masa wuta kaɗan, sannan ka tsoma. Sifirin ya fi son mai a kan ruwa, domin ruwa kan tsaga shi. Kuma wannan aiki da yamma ake yinsa ko a cikin inuwa, don hasken rana na ɓoye launin ƙarfe.

Bayan tsomawa ƙarfen ya yi tauri amma ya zama mai saurin karyewa, in ya faɗi kan dutse sai ya tsinke biyu. Sai ka goge gefensa ya yi haske, ka riƙa ɗumama shi daga gadon baya a kan garwashi, kana kallon launi na tafiya zuwa baki: fari-fari, sannan launin busasshiyar ciyawa, sannan ruwan ƙasa, sannan shuɗi. Wuƙa da aska a launin ciyawa ake tsayar da su. Gatari da abin da zai sha duka a bar su su ƙara gaba kaɗan. Dattawan nan suna yin wannan tun ba a haife ni ba, ba tare da sun kira shi da wani suna ba. Amfanin bayanin shi ne yaro ya koya a wata uku abin da zai ɗauke shi shekara uku yana lalube.

Maganar lafiya zan ɗan tsananta a kanta, ku yi mini haƙuri. Fayif ɗin famfo da kwanon rufi da duk ƙarfen da aka shafe da farin ruwan nan na hana tsatsa, in aka sa shi a wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tankin mai, da tukunyar gas, da shokozoba, da duk wani abu rufaffe, kada a kusanta shi da wuta ko da an rantse maka babu komai a ciki. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ba, shi ya sa maƙerar kakanninmu rumfa ce iska na ratsawa. Rigar leda irin ta 'yan ƙwallo narkewa take yi ta manne a fata; a sa ta auduga. Tabarau na kare ido bai kai kuɗin awon shinkafa biyu ba, ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. A yi allurar tetanus. Masu fasa batirin mota su narka dalma a cikin gida, ku tuna abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalmar batir da ta dutse guba ɗaya ce. Game da ƙuna, na san mutane na kawo ta gidan maƙera tun kaka da kakanni, ban zo jayayya da wannan ba. Abin da nake roƙo shi ne a fara zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, na tsawon minti 20, kada a shafa baƙin mai ko man goge baki, in kuma ƙunar babba ce ko a fuska take ko a jikin ƙaramin yaro, a wuce asibiti.

Sai maganar da kowa ke ji a ransa ba ya son furtawa. Mun san halin da gabashin Sakkwato ke ciki. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, wanda ya ci rayuka fiye da 40. A irin wannan lokaci duk wanda ke hura wuta yana dukan ƙarfe ido na kansa. Dokar makamai ta ƙasar nan, tun ta 1959, ta hana ƙera bindiga ko gyaranta ba tare da izini ba. Ɗan sha'awa ba shi da haɗi da wannan aiki ko kusa. Baƙon da ba ka sani ba ya kawo maka wani guntun ƙarfe ya ce ka yi masa irinsa, ba ka san na mene ne ba, ka ce masa ba ka iya ba, ka sanar da maigidanka. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban yarda mutum ya kafa maƙera a bayan ɗakinsa shi kaɗai yana koyo daga waya ba. Wanda ke aiki a rumfar da kowa ke gani, a ƙarƙashin wanda gari ya sani, yana da shaidu. Haka batun sayen ƙarfe. Tun da 'yan gwangwan suka fara loda tireloli zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun, tsohon sifirin ya yi tsada, ga masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka fara tun wajen 1979 har yau ba ta ba mu ƙarfen da aka yi alkawari ba. Tsada kan jawo ɓarawo. Yaro ya kawo maka ƙarfen ƙofar magudanar ruwa ko na turken lantarki da araha, in ka saya, gonar maƙwabcinka ka hana ruwa.

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma a wannan sana'a maganar ba misali ba ce kawai, domin ko maigida sai da mazugi. To me za mu yi wa juna? Gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarsa, yanzu daga nesa ake kawo shi. Mutum ɗaya buhu ɗaya zai saya da tsada. Mutum goma sha biyar in suka yi adashi za su sauke rabin mota, sifirin ma haka. Masu albashi a cikinku nan ne wurin da za ku nuna amfaninku: ku ne za ku iya haɗa kuɗin giranda ɗaya da injin huda ƙarfe ɗaya a ajiye a maƙerar da aka yarda da ita, kowa ya yi aiki da su. Ku ne kuka iya cike takarda, don haka ku yi wa maƙera rajistar ƙungiyar gama kai, ku bi musu sawun shirye-shiryen koyon sana'a na hukumar NDE da tallafin SMEDAN, waɗanda sau da yawa sukan wuce maƙerin ƙauye saboda ba wanda ya gaya masa an buɗe. A Kaduna masu sana'ar kasuwar Panteka sun haɗa hannu da kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, ana gwada gwanintarsu ana ba su takardar shaida. Muna da kwalejin Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, muna da makarantar koyon sana'a ta Farfaru. Ba laifi ba ne wakilanmu su je su ƙwanƙwasa. Kuma wanda ke da gona ya bar 'ya'yan ƙiryar da suka tsiro masa, ya kewaye su da ƙaya. Itace ne mai jinkirin girma, wanda ya shuka ba lalle shi zai ƙona gawayinsa ba.

Kada a manta da mata, ko da ba su zauna a rumfar ba. Su ne masu wuƙar yanka kuɓewa da murhun gawayi da kaskon suya, su suka san wace ƙota ke cin hannu da wane murhu ke cinye gawayi. Ɗan koyo da ke neman abin da zai gwada hannunsa, ya tambayi mahaifiyarsa me ke ba ta wahala a madafa, zai samu aikin wata shida.

Abin da nake nema daga wannan zama ƙanƙane ne. Ranka ya daɗe Sarkin Maƙera, a ware yammaci ɗaya a mako, bayan la'asar, a ranar da ba ta kasuwa ba, a maƙera ɗaya da kuka zaɓa. Duk mai son koyo a rubuta sunansa da na wanda ya tsaya masa a littafi, littafin ya zauna a hannunku. Masu koyo su kawo gawayi da ƙarfensu, su kuma haɗa wani abu na goro ga dattijon da ya ba da lokacinsa a ranar. In abin ya zauna, wata uku nan gaba a gayyaci na Wurno su zo su nuna yadda suke fitar da haƙoran lauje, mu ma a rama musu ziyara. Su kuma ɗaliban da ke riƙe da waya, aikinku na farko ba a bakin wuta yake ba: ku nemi izinin tsofaffin da suka ga narkar tama da idonsu ko suka ji daga iyayensu, ku ɗauki muryarsu, ku tambaye su inda ake haƙo ta, da irin yumɓun murhun, da itacen da ake ƙonawa, ku rubuta da boko da ajami, a ajiye kwafi ɗaya a gidan Sarkin Maƙera, ɗaya a makaranta.

Na ga liman yana duban rana. Masu tambaya su fara, dattawan sana'a kuma su gyara mini inda maganar ƙarfe ta karkace.